Tarihin Gyara Bugun Zuciya a Ɗakin Tiyata

Tun kafin kowa ya san abin da ke gudana a cikin ƙirji, masu magani sun san wani irin bugun jini mai ɗaga hankali. A ɗora yatsu a wuyan hannun mara lafiya, sai a ji biyu sun zo a guje, sai shiru, sai ɗaya mai ƙarfi, sai uku marasa ƙarfi, ba mai iya cewa ga lokacin da na gaba zai zo. Ana cewa tsohon littafin likitancin ƙasar Sin da ake jingina wa Sarki Huangdi ya siffanta irin wannan bugu. Sai dai shi kansa sarkin a hikaya aka san shi, littafin kuma an haɗa shi ne ƙarnuka masu yawa bayan zamanin da ake cewa ya yi mulki, don haka wannan sai a bar shi a matsayin abin da ake faɗa. Abin da yake a rubuce da shekararsa shi ne na 1785, lokacin da William Withering, likita a Birmingham ta Ingila, ya wallafa abin da ya gani game da ganyen wani tsiro mai suna foxglove da yake ba masu kumburin jiki. Daga dangin tsiron nan aka samo maganin dijoksin da har yau ake bayarwa. Yana rage wa zuciya gudu, amma ba ya mayar da ita kan tsari.

Zuciya gida ce mai zaure biyu a sama da ɗaki biyu a ƙasa. Jini ya sauka a zaure, ya bi ta ƙyaure ya shiga ɗaki, ɗaki ya matsa ya tura shi huhu ko sauran jiki. Abin da ke sa su matsawa bi da bi wata 'yar wutar lantarki ce da zuciya ke haifarwa da kanta. A 1893 Wilhelm His ƙarami ya gano igiyar da ke sada sama da ƙasa. A 1906 Sunao Tawara, ɗan Japan mai bincike a Marburg ta Jamus, ya gano ƙullin da ke tsaye tsakanin zaure da ɗaki kamar mai gadin ƙofa. Bayan shekara guda Arthur Keith da wani ɗalibin likita, Martin Flack, suka gano wani ɗan ƙulli a saman zauren dama, inda kowane bugu ke farawa. Shi ne makaɗin gayya. Muddin gangarsa kaɗai ake ji, fartanya tare take sauka.

Cutar da wannan tarihi ya fi shafa ita ce wadda ake jin ganguna barkatai a gona ɗaya. Wuta tana kai wa zaure sara sau ɗari huɗu zuwa ɗari shida a minti guda, sai ya kasa matsawa, ya koma karkarwa kawai. Mai gadin ƙofa ya riƙa barin wasu su wuce yana tare wasu ba bisa wani tsari ba, shi ne rikicin da yatsu ke ji a wuyan hannu. Willem Einthoven na Leiden a Holan, wanda ya ƙera na'urar zana bugun zuciya, ya wallafa zanen irin wannan bugu a 1906. A 1909 Thomas Lewis a Landan, da Rothberger da Winterberg a Viyana, suka tabbatar cewa karkarwar zaure ce tushensa. Babban haɗarin kuwa ba ma rikicin bugun ba ne. Jinin da ba a turawa yakan kwanta, musamman a wani ɗan aljihu da ke manne da zauren hagu, ya daskare, wata rana gudansa ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, mutum ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Binciken garin Framingham na Amurka ya auna wannan a 1978: mai karkarwar zaure ya fi wanda ba shi da ita haɗari kusan ninki 5, in kuwa tare da lalacewar ƙyaure ta zazzaɓin gaɓoɓi ne, ninki 17.

Magani na farko da ya iya mayar da bugu kan tsari daga wajen mara lafiya aka ji shi. Karel Wenckebach, likita ɗan Holan, ya ba da labarin da kansa cewa a 1912 wani ɗan kasuwa ya gaya masa yana kashe nasa rikicin da kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da ya saba sha. Likita bai yarda ba sai da mutumin ya dawo washegari bugunsa daidai. A 1918 Walter Frey ya nuna cewa ɗan'uwan kwinin, wato kwinidin, ya fi shi aiki.

A ganina shekarun da suka fi kowaɗanne nauyi a wannan tarihi su ne 1913 da 1914, ko da yake ba wani mara lafiya da ya amfana da su a lokacin. George Mines, matashin masani a Kambirij, ya riƙa yanko nama daga zuciyar kunkuru da ta kifi a siffar zobe. In ya tsokani zoben ta yadda wutar za ta bi gefe ɗaya kaɗai, sai ta yi ta zagaye, ta dawo inda ta fara ta tarar naman ya huta ya shirya, ta sake wucewa, ba ta tsayawa. In ya sa wuƙa ya datse zoben a wuri guda, nan take komai ya lafa. A daidai lokacin, a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, Walter Garrey yana yanyanka zuciyar dabba mai karkarwa gunduwa-gunduwa. Ya ga babbar gunduwa tana ci gaba da karkarwa, ƙarama kuwa tana dainawa, kuma karkarwar ba ta iya tsallake siririyar gada ta nama. Ma'ana wutar da ke zagaye tana bukatar fili. A ƙuntata mata, ta mutu. Mines bai ga abin da aikinsa ya haifa ba. A Nuwamban 1914 aka tsince shi a sume a ɗakin bincikensa na Jami'ar McGill a Kanada, ya rasu yana da shekara 28. An daɗe ana cewa gwajin wuta yake yi a kan zuciyarsa, amma ba a taɓa tabbatar da haka ba.

An sami ilimi, amma wuƙa ba ta da hanyar shiga. Ana jingina wa Theodor Billroth, babban likitan tiyata na Viyana, wata magana cewa duk likitan da ya yi gigin ɗinke zuciya ya zubar da mutuncinsa a idon abokan aikinsa. Masana tarihi sun nemi maganar a rubuce-rubucensa ba su same ta ba, amma yawan maimaita ta ya nuna irin tsoron da ake yi. Ludwig Rehn ya karya wannan tsoro a Satumban 1896 a Frankfurt, da ya ɗinke zuciyar wani saurayi da aka daɓa wa wuƙa, ya kuma rayu. Duk da haka ɗinke rauni daga waje daban, shiga cikin zaure a yi aiki daban.

Karon farko da aka gyara rikicin bugu a kan gadon tiyata shi ne a 1947, a Cleveland. Claude Beck yana rufe ƙirjin wani yaro ɗan shekara 14 bayan ya gyara masa ƙashin ƙirji, sai ɗakunan ƙasa suka kama karkarwa. Ta zaure ana shekaru da ita, ta ɗaki kuwa mintoci take ba mutum. Beck ya sake buɗe ƙirjin, ya riƙa matsa zuciyar da hannunsa kimanin minti 45, sannan ya ɗora mata faifan ƙarfe biyu ya sakar mata wuta. Ta yi tsit, ta dawo kan tsari, yaron ya tashi lafiya. Tun 1899 Prevost da Battelli suka nuna haka a kan karnuka a Janiba, sai da aka yi kusan shekara hamsin kafin ya isa ga ɗan Adam. Shekara biyu bayan aikin Beck, John Madden a New York ya yanke ɗan aljihun nan na zauren hagu ga marasa lafiya biyu da gudan jini ya yi ta addaba. Sakamakon bai ƙarfafa gwiwa ba, shawarar ta kwanta shekaru masu yawa.

Ranar 6 ga Mayun 1953 John Gibbon ya yi amfani da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu ya toshe wa wata budurwa 'yar shekara 18 huda a zuciya, a Philadelphia. Ƙofa ta buɗe, sabuwar masifa kuma ta shigo tare. Igiyar His ba a ganinta da ido. Walton Lillehei na Minnesota, mai toshe wa yara hudar da ke tsakanin ɗakunan ƙasa, ya ga cewa kusan ɗaya cikin goma allura kan taɓa igiyar, saƙo ya daina sauka, bugu ya faɗi ƙasa warwas. A farkon 1957 ya fara ɗinka siririyar waya a jikin zuciya yana haɗa ta da injin da ke cin wutar bango. Ranar 31 ga Oktoban shekarar aka ɗauke wuta a Minneapolis. Ana ba da labarin cewa jariri guda ya rasu a sanadin haka. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne Lillehei ya nemi Earl Bakken, mai gyaran na'urorin asibitin, ya ƙera masa wadda ke aiki da batir. Cikin kimanin mako huɗu Bakken ya kawo ta, ya kwaikwayi tsarin wata 'yar na'ura mai ƙidaya wa makaɗa kiɗa da ya gani a mujalla. Har gobe likitoci kan bar irin wannan waya a ƙirjin wanda aka yi wa tiyatar zuciya na 'yan kwanaki. Wani darasi kuma ya fito daga hatsarin nan: ashe ɗinki ɗaya a daidai wuri yana iya yanke hanyar wuta har abada.

Will Sealy na Jami'ar Duke ya yi haka da gangan. Akwai mutanen da ake haifa da ƙarin hanya tsakanin zaure da ɗaki, wuta ta sauka ta hanyar asali ta hau ta ƙarin, ta yi ta zagaye, zuciya ta riƙa sukuwa. Tun 1914 Mines ya yi hasashen hakan na iya faruwa. A Mayun 1968 aka kawo wani masunci ɗan shekara 32 da abin ya hana shi sana'a. Aka bi bayan zuciyarsa da na'ura aka gano inda ƙarin hanyar take, Sealy ya datse ta, mutumin ya warke ya koma kamun kifinsa. An yanke zoben Mines a jikin mutum. Cikin matasan da ke koyon tiyata a Duke a shekarun akwai wani ɗan jihar Arkansas, James Cox.

Karkarwar zaure ta fi wannan wuya nesa, domin ba zobe ɗaya gare ta ba. Gordon Moe ya kawo bayani a 1959, ya gwada shi a kwamfuta a 1964, cewa raƙuman wuta ne da yawa ke yawo, suna karo, suna rabuwa, suna sauya wuri. A 1985 Maurits Allessie ya gan su a zuciyar kare a Maastricht. To, ina za a yanka, alhali abin da ake nema ba ya zama wuri ɗaya?

Farkon shekarun 1980 duk laluben amsa aka yi. A 1980 Cox da abokansa suka gwada killace zauren hagu gaba ɗaya, ya yi ta karkarwarsa shi kaɗai. A 1982 Melvin Scheinman a San Francisco ya bayyana yadda ake zura waya ta jijiya a ƙone mai gadin ƙofa, a sa wa mutum na'urar saita bugu. A 1985 Gerard Guiraudon a Kanada ya yanka siririn titi daga makaɗi zuwa mai gadi, ya bar sauran zauren a waje. Duka sun daidaita bugun da ake ji a hannu, duka kuma sun bar zaure yana karkarwa, jini yana kwanciya, haɗarin shanyewar jiki yana nan. An share ƙofar gida ne, shara na ciki.

Cox ya koma St. Louis a 1983, jami'ar da Garrey ya yi aikinsa. Tare da John Boineau da Richard Schuessler suka ɗauki shekaru suna zana taswirar wutar zaure a karnuka da mutane. A 1986 suka gwada dogon yanka guda da ya yi aiki a kare, bai ɗore a mutum ba. Daga nan suka daina neman inda raƙumin wutar yake, suka koma ga maganar fili. Tabo ba ya ɗaukar wuta. In aka yanyanka bangon zaure aka ɗinke, kowane layi zai zama katanga. A jera katangun kusa da juna yadda babu inda ya kai faɗin da wuta za ta juya ta zagayo, amma a bar hanya guda daga makaɗi zuwa mai gadi, da rassa masu shiga kowane sashe su ƙare a nan. Duk wanda ya ga mai lambu yana ba da ruwa ya san tsarin: magudana ɗaya, kowane fangali ya sha, ruwa ba ya komowa baya. Suka kira aikin Maze, sunan wasan nan na zane da yara ke neman mafita a cikin ruɗaɗɗun lunguna. Ranar 25 ga Satumban 1987 Cox ya yi wa mutum na farko a asibitin Barnes, shekara 73 bayan gunduwoyin Garrey.

Karkarwa ta tsaya, amma tsarin farko ya zo da aibu biyu. Wasu yankan sun matsi makaɗin, zuciya ta kasa ƙara gudu in mutum ya motsa jiki, zauren hagu kuma yakan makara wajen matsawa. Tsari na biyu ya gyara wani abu, sai dai wahalar yinsa ta yi yawa. Na uku, wanda ya zauna a 1992, shi ya zama ma'auni: an kewaye jijiyoyi huɗu masu dawo da jini daga huhu, an cire aljihu, an matsar da layuka daga makaɗi. Rahotannin St. Louis sun ce fiye da kashi 90 cikin ɗari sun rabu da cutar. Ya kamata a karanta adadin da hattara, domin yawanci tambayar mutane aka yi ko suna jin alamu, karkarwa kuwa takan zo ta tafi mai ita bai sani ba. Ko da an rage, babu wani magani na zamanin da ya kusanto shi. Matsalarsa ita ce likitoci ƙalilan ne suka iya shi. Yanka da ɗinki ne masu tsawo a bayan zuciya, inda in jini ya ɓalle da wuya hannu ya kai, ga ƙarin lokaci a kan inji. Cikin waɗanda suka rungume shi da wuri akwai Yoshio Kosakai na Osaka, wanda ya riƙa haɗa shi da gyaran ƙyauren hagu a zama ɗaya.

A 1998 Michel Haïssaguerre da abokansa a Bordeaux ta Faransa suka binciki marasa lafiya 45, suka tarar kashi 94 cikin ɗari na tartsatsin da ke kunna karkarwa daga bakin jijiyoyin huhu yake fitowa, wuraren da Cox ya riga ya kewaye ba tare da ya san haka ba. Wannan ya raba aikin gida biyu. Wanda karkarwa ce kaɗai damuwarsa ya koma hannun masu zura waya ta cinya, ba sai an tsaga ƙirji ba. Aka bar wa likitan tiyata wanda dama za a buɗe shi don gyaran ƙyaure ko jijiyoyin zuciya. A 2002 Ralph Damiano a St. Louis ya kawo tsari na huɗu, inda aka maye gurbin yawancin yankan da wani matsefi mai kama bangon zaure ya ƙona layi, da sandar sanyi mai daskarar da nama. Tabon ɗaya ne, lokacin ya ragu ƙwarai, likitoci da yawa suka iya.

Sai aka zo ga awo na gaskiya. A 2015 aka wallafa gwajin da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 260 masu zuwa gyaran ƙyauren hagu da daɗaɗɗiyar karkarwa, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Cikin waɗanda aka yi wa layukan, kashi 63 sun cika shekara ba karkarwa, cikin waɗanda aka gyara wa ƙyaure kawai kashi 29. Adadin bai kai na rahotannin farko ba, ya kuma zo da farashi, domin waɗanda suka bukaci na'urar saita bugu ta dindindin sun ninka fiye da sau biyu. Duk da haka a 2017 ƙungiyar likitocin tiyatar ƙirji ta Amurka ta sa aikin a sahun farko na abin da ake so a yi wa irin waɗannan marasa lafiya. A 2021 kuma shawarar Madden ta farka. Gwajin da Richard Whitlock na Kanada ya jagoranta a ƙasashe 27, kan mutum kusan 4,800, ya nuna cewa rufe aljihun zauren hagu yayin da ake wata tiyatar ya rage shanyewar jiki da toshewar jijiya daga kashi 7 zuwa 4.8 cikin kusan shekara huɗu. Abin da ya ƙara wa aikin bai kai minti goma ba.

Nan ne tarihin ya iso ƙofarmu, kuma nan ne ya fi damuna. A Turai da Amurka karkarwar zaure cutar tsufa ce. A Afirka da yawanta daga ciwon maƙogwaron yaro take farawa, ciwon da allurar fenisilin za ta iya magancewa. In ba a yi magani ba sai zazzaɓin gaɓoɓi ya biyo, ya ci ƙyauren hagu, ƙyaure ya ƙanƙance, jini ya taru a baya, zaure ya buɗe kamar salka. Babban zaure kuwa babban fili ne, kamar yadda Garrey ya nuna, shi ya sa wanda ya makara zuwa asibiti ko an ja masa layukan karkarwar ta fi saurin dawowa. Tiyatar buɗe zuciya ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Charles Easmon ya yi ta a Korle Bu ta Akara a 1964, Fabian Udekwu da Magdi Yacoub da abokansu suka yi ta a Inugu a Fabrairun 1974, cibiyar Salam ta Khartum kuma ta fara yin ta kyauta a 2007. Amma masu jira sun ninka waɗanda ake yi wa nesa ba kusa ba, matsefin ƙona layi kuma mai tsada ne, mutum ɗaya ake yi wa aiki da shi a yar. Mafi yawa da ƙwayar wafarin mai hana jini daskarewa suke rayuwa, wadda sai an riƙa gwada jini a kai a kai, ga mai nisa da asibiti kuwa wannan ma wani hawa ne.

Binciken da aka wallafa a 2015 kan mutum 3,343 masu ciwon ƙyaure na zazzaɓin gaɓoɓi a ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da Indiya da Yaman, ya tarar kashi biyu cikin uku mata ne, ɗaya cikin biyar kuma ya riga ya kamu da karkarwar zaure. A irin wannan zaure da ya buɗe, gudan jini ba a aljihu kaɗai yake kwanciya ba. Wani nazari na 1996 ya ce a sauran masu karkarwa kashi 91 na gudajin a aljihu suke, a masu ciwon ƙyaure kuwa kashi 57 ne kawai. Waɗanda aka yi wa babban gwajin 2021 matsakaicin shekarunsu 71. Waɗanda aka ƙirga a asibitocin Afirka da Indiya da Yaman, rabinsu ba su wuce shekara 28 ba.